Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari Kan Ragowar Aikin Sulhu

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari,
Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II,
Ta hannun hakimanmu da dagatanmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Sarki. Masu wannan takarda talakawanka ne na ƙauyuka da rugagen da ke gefen dajin Kamuku. A cikinmu akwai manoma, akwai makiyaya, akwai dillalan kara, akwai matan da aka bari da marayu. Hausawa da Fulani muka zauna a tabarma ɗaya muka rubuta ta, abin da a 'yan shekarun baya ko a mafarki ba zai yiwu ba.

Muna fara godiya ga Allah, sannan ga fadarka. Tun watan Nuwamban 2024, da Gwamna Uba Sani ya zo garin nan ya karɓi tubabbun 'yan bindiga, aka kuma buɗe kasuwar kara bayan ta daɗe a rufe, mun ga sauyi da idonmu. Motoci na bin hanyar Kaduna ba sai an jira rakiyar soja ba. Masara da waken soya sun fito daga gonakin da suka koma daji. Wanda ya shaida harin Gwaska na watan Mayun 2018, inda aka kashe mutane fiye da 40, ko ya ji abin da ya faru da 'yan makarantar Kuriga ranar 7 ga Maris 2024 a kan wannan hanya tamu, ba zai raina wannan sauƙi ba. Mun kuma tuna 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako aka katse layukan waya, mutum na ganin 'yan bindiga sun nufo gari ba shi da hanyar sanar da kowa. Babu mai son a koma can.

To amma ranka ya daɗe, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sulhun da aka yi, tsakanin hukuma da masu riƙe da bindiga aka yi shi. Tsakaninmu da su, da kuma tsakaninmu da junanmu, har yau ba a zauna ba. Ba a karanta mana sharuɗɗan ba. Ba mu san abin da suka ɗauki alkawarin bari ba, ba mu san abin da aka ce za a yi musu ba, ba mu san wurin wanda za mu kai ƙara in an saɓa ba. Jita-jita ce ta cike gurbin, kuma kowa da irin tasa.

Ga irin abin da muke gani. Wata baiwar Allah daga cikinmu, wadda aka kashe mijinta a gona aka kore shanun nomansa biyu, ta shiga kara ranar kasuwa ta tarar da ɗaya daga cikinsu a hannun dillali. Ta gane shi da tsagar kunnen hagu da mijin ya yi masa da kansa, da karyayyen ƙahon da ya samu tun yana maraƙi. Ta tsaya ana ciniki a gabanta, aka sallama, aka biya la'ada, aka ɗora shi a mota. Ba ta ce uffan ba, don an gaya mata duk wanda ya ta da maganar baya shi ne mai neman ɓata sulhu. Ɗanta mai tasowa yana tsaye kusa da ita yana kallo. Shi ne abin tsoronmu, ranka ya daɗe, wannan yaron da ire-irensa.

Haka a teburin mai shayi. Wanda ya sayar da gonarsa da babur ɗinsa ya biya kuɗin fansa yana zaune a benci ɗaya da wanda ya karɓi kuɗin, sun san juna sarai, suna miƙa wa juna sukari. Wasu na cewa ai wannan shi ne zaman lafiya. Mu a ganinmu tsoro ne kawai, kuma tsoro yana da ranar ƙarewa.

'Yan'uwanmu Fulani da ke cikin wannan takarda su ma suna da nasu. Da yawansu ba su taɓa riƙe bindiga ba. Ɓarayin daji da su suka fara, suka kwashe musu garke kafin a taɓa Bahaushe ko ɗaya. Da abin ya ƙazanta, sai ga 'yan sa-kai sun yi musu kuɗin goro: a tare mutum a hanyar kasuwa saboda sanda da malafa, a ƙone ruga saboda an ga sawun babur ya bi ta kusa. Wasu sun gudu da iyalansu, da suka dawo suka tarar an nome mashekarinsu, burtali ya zama gonar masara, an kewaye mashaya da lambu. Mu manoman da ke cikin masu wannan koke mun yarda an yi haka, kuma mun yarda a sa shi a gaba tare da namu.

Abin da ya hana mu barci shi ne abin da ya faru a maƙwabta. An yi sulhu da Buharin Daji, wani jagoran 'yan bindiga, a Zamfara a 2016, bai ɗore ba, shi ma a watan Maris na 2018 tsoffin abokan dajinsa suka kashe shi. Katsina ta gwada a 2016, ta sake gwadawa a 2019. Auwal Daudawa, wanda ya jagoranci kwashe ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, ya yi rantsuwar tuba a Gusau a Fabrairun 2021, bai cika wata uku ba ya koma daji. Duk waɗannan an ƙulla su ne da manyan daji kaɗai, saboda haka da babban ya mutu ko ya sauya ra'ayi sai komai ya warware. Ayar Suratul Hujurat da ta yi umarni a sasanta ɓangarori biyu masu faɗa, da adalci ta ce a sasanta su, kuma malaman fadarka sun fi mu sanin haka.

Don haka muke roƙon Mai Martaba ya umarci kowane hakimi ya kira zama a gundumarsa, da dagatai da arɗo-arɗo da limamai, da wakilan tubabbun, da shugabannin 'yan sa-kai. A ba waɗanda aka cuta dama su yi magana da bakinsu. Mata a ware musu nasu zaman, don a gaban maza ba za su faɗi abin da aka yi musu a daji ba. A rubuta sunan duk wanda aka kashe, Bahaushe ko Bafulatani, da wanda aka tafi da shi har yau babu labari, a ajiye littafin a fada. Mun sani ba mai iya biyan diyyar rayukan nan duka. Da yawanmu a shirye muke mu yafe. Sai dai mai haƙƙi ne ke yafiya, kuma sai an tambaye shi.

Maganar ƙasa ita ce mafi gaggawa, tunda kafin ruwa ya sauka ake sharar gona. Muna roƙon a fitar da dattawan da suka san tsoffin iyakoki, manomi da makiyayi tare, su bi burtali da ƙafa su kafa alama, a mayar wa kowa gonarsa da mashekarinsa. Wanda ya noma gonar wani a bara a bar shi ya kwashe abin da ya rage, bana ya tashi. Harajin da masu riƙe da bindiga ke karɓa a hannun manomi kafin shuka da kafin girbi kuwa, a sanar a masallatan Juma'a da kasuwanni cewa an soke shi, duk wanda aka nema ya kawo ƙara fada kai tsaye.

A kara, muna son kada a sayar da saniya sai da shaidar arɗo ko dagacin inda ta fito, kuma wanda ya gane dabbarsa ya sami wurin faɗa ba tare da an kira shi maƙiyin sulhu ba.

Sauran biyun sun fi ƙarfin fada ita kaɗai, sai dai muryarka tana isa inda tamu ba ta isa. A isar wa gwamnati cewa muddin bindigogi na hannun mutane, a daji ko a gari, ba mai sakin jiki ya sake gina gida a kufai. A kuma taimaka a buɗe makarantu da asibitocin ƙauyukan da aka watse, a haɗa da rugage, domin akwai yaran da suka kai shekarun aure ba su taɓa shiga aji ba, kuma irinsu ake ɗauka a ba bindiga.

Wakilanmu a shirye suke su gurfana a gabanka duk ranar da fada ta sa, da sunayen ƙauyuka da rugagen da abin ya shafa, da shaidu.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari lafiya.

Wassalam.

Daga talakawanka masu biyayya,
manoma, makiyaya, dillalan kara da iyayen marayu na ƙauyukan gefen Kamuku.
Sa hannu da dangwalen yatsa suna haɗe a bayan takarda.