Sanarwa: kowane babba ya ɗauki ƙarami ɗaya

Assalamu alaikum ƴan uwa ma'aikatan walwalar jama'a.

Shugabar sashenmu ta yi ritaya watan jiya, sai ga fayil ɗin wani yaro da aka tsinta a tasha ya kwana huɗu kan tebur. A sashen namu ba wanda ya taɓa tsayawa gaban alƙali ya kare rahoto, alhali tun 2003 gwamnatin tarayya ta kafa dokar kare haƙƙin yara. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Don Allah iyayenmu da yayyenmu a aiki, kowa ya ja sabon ma'aikaci ɗaya a jiki. Ku je kotu tare, ku bar masa jagorancin zaman sulhun ma'aurata. In ya yi kuskure, a gyara masa bayan an watse, ba gaban jama'a ba.

Mai niyya ya rubuta sunansa nan kafin Juma'a.