Ku Gayyato Mata Su Ba Malamin Nan Amsa

Assalamu alaikum Edita,

Tun daren Lahadi da na saurari shirinku raina yake a ɓace. Baƙonku ya shafe kusan awa guda yana cewa littattafan da ke nuna auren dole da dukan mata su ne ke lalata tarbiyyar 'yan mata, mai gabatarwa kuwa ba abin da yake cewa sai "haka ne, Malam". Ko mace ɗaya ba ku zaunar a wurin ba.

To ni ga tawa amsar. Ina aji biyu na sakandare aka cire ni, shekarata 14, aka ɗaura mini aure da abokin kawuna. Lokacin ko littafin hikaya ɗaya ban taɓa buɗewa ba, amma hakan bai hana ni shan mari ba. Sau uku ina yin yaji, sau uku Baba na mayar da ni da kansa, Inna na bin mu har zaure tana cewa in yi haƙuri, aure ibada ne. A gidan ne wata maƙwabciya ta ara mini Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, bangonsa duk ya yage. Ƙarƙashin katifa nake ɓoye shi. Yarinyar cikin labarin an raba ta da makaranta an ba wa tsoho ita, kamar dai ni aka leƙa aka rubuta. Na yi kuka har na gode Allah. Ashe ba ni kaɗai ba ce. Ita kanta marubuciyar tana ƙarama aka aurar da ita, ba daga Turai ta ɗauko labarin ba.

Malam har yana yabon ƙona littattafan da hukumar gyaran tarbiyya ta A Daidaita Sahu ta yi a Kano a 2007. An ƙona takarda, to masu dukan fa, sun daina?

Da ma waɗanda ake turawa a WhatsApp ya kama da faɗa, da na mara masa baya, irin waɗanda saurayi mai kuɗi zai wanka wa yarinya mari, ya kulle ta a ɗaki, a ƙarshe wai ta mutu a kan sonsa. Waɗannan kam na ƙwace wayar 'yata a kansu. Amma shi duk ya haɗa ya yi musu kuɗin goro. Ku kira marubuta mata su zo, suna nan birjik a Kano, Kaduna da Sakkwato.

Sannan don Allah ku duba tallan masu maganin gargajiyan da kuke sakawa a tsakiyar shiri. Muna zaune da yara ana cin tuwo, sai mutum ya ɓarke da maganar da ko a ɗakin amarya ba a yi. Dole nake tashi in rage murya, kafin in dawo kuma an wuce wurin da nake son ji.

Taku,
Mai sauraro daga Gumel