Ruwa mai tafasa kashe jiƙon sha'ir yake yi

Ranka ya daɗe Edita,

Na karanta rubutun da kuka buga kan masu haɗa giya a gida, inda marubucin ya ce wai a sheƙa wa barzajjen sha'ir ruwa mai tafasa don sukari ya fi fita. Haba malam, ai wanda ya bi wannan shawara ya kashe aikin tun kafin a fara. Ba zafi ne ke mayar da sitaci sukari ba, wasu sinadarai ne da ake kira enzayim waɗanda ke cikin sha'ir ɗin da aka tsirar, tun 1833 wasu masana kimiyya biyu, Payen da Persoz, suka gano irinsu a Faransa, kuma in zafi ya kai wajen digiri 80 a ma'aunin Celsius duk mutuwa suke yi, ba sa dawowa ko ka sanyaya tukunyar.

Guda biyu ne manya, kowanne da inda ya fi jin daɗin aiki. Beta-amilas ya fi ƙarfi tsakanin digiri 60 zuwa 65, shi ke yanko sukarin da yis ke iya cinyewa tas, sai abin ya fito ba kauri ba zaƙi. Alfa-amilas kuwa sai wajen 68 zuwa 72, shi gutsuttsura sitacin yake yi manya-manya, yis ba ya iya gamawa da su, shi ya sa ake samun kauri da ɗan zaƙi a baki. To ka ga tazarar digiri biyar kacal ta canza komai, saboda haka yawancin mutane ke tsayawa a 66 ko 67 na tsawon awa ɗaya don kowanne ya samu nasa.

Inda ake tafka kuskure shi ne wajen awo. Hatsin sanyi gare shi, yana shiga zai ja zafin ƙasa, dole ruwan ya ɗara inda kake so da kamar digiri 6 zuwa 8 in kana sa ruwa lita 3 a kilo ɗaya na sha'ir. Sannan kar ka tsoma tamomita, wato ma'aunin zafi, wuri ɗaya ka ce shi ke nan, jiƙon nan kauri gare shi, gindin tukunya na iya fin sama zafi sosai, balle in akwai curin gari wanda cikinsa a bushe yake ruwa bai ma taɓa shi ba. Ka juya sosai, ka jira minti biyu ko uku, ka auna tsakiya da gefe da ƙasa. Ita kanta tamomitar ƙarya take yi wani lokaci, a gwada ta cikin ruwan ƙanƙara a ga ko ta nuna 0.

Ni dai a ganina kula mai murfi ta fi tukunya a kan wuta, ko kuma a sauke tukunyar a naɗe ta da bargo. Masu kunna wuta don gyara zafi su ne ke ƙarewa da ƙauri a gindi alhali sama na nan da sanyinta. In zafi ya faɗi a ƙara ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa, in ya haura a sa na sanyi da sauri, don beta ne ke fara mutuwa. Kuma a daina buɗe murfi kowane minti biyar!

Da awa ta cika a ɗebo ruwan a farin faranti a ɗiga aidin, in ya koma baƙi-baƙi mai shuɗi to da sauran sitaci, a ƙara masa lokaci, wanda aka ɗiga wa aidin kuma a zubar.

Ga masu cewa wannan bai shafe su ba, a wannan mataki babu barasa ko ɗigo, sai an sa yis take samuwa, kuma lemon malt mara barasa ma ta wannan jiƙon yake farawa. Don Allah a gyara maganar ruwa mai tafasan nan a fitowa ta gaba.

Naku,
Wani mai karatu