Zuwa ga Edita: Ku tuna mana da ma'aikatan kwal na Inugu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Daga Aboabo nan Kumasi nake rubuto maka. Abin da ya sa kuwa, ɗan ƙanwata ne ya zo hutu daga wajen haƙar zinari, muna zaune muna shan koko da ƙosai yake ce min wata uku ke nan ba a biya su kuɗin obataya ba. Na ce to ina yuniyan ɗinku? Yaro ya yi dariya ya ce "Kawu, mu 'yan kwantiragi ne, ranar da ka ambaci yuniyan ranar za ka ajiye hular kwano."

Wallahi raina ya ɓaci, don yaran nan ba su san da jini aka samo zaman teburin nan da ake yi da masu kamfani ba. Mu nan Gana ba mu da kwal, amma a Inugu ta Najeriya, ramin Iva Valley, ran 18 ga Nuwamba 1949, ma'aikatan kwal suna neman bashin haƙƙinsu da suka ce an danne, suka koma aiki a hankali da gangan, aka kori wasu, sai suka zauna a ramin suka ƙi tafiya, gwamnatin Turawa ta turo 'yan sanda wai su kwashe nakiya kar ta faɗa hannunsu, ƙarshe Baturen 'yan sanda ya ba da umarni aka buɗe wuta, mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni. Abin takaicin ma da yawa cikin 'yan sandan daga Arewacin Najeriya aka kwaso su, talaka ya harbi talaka. Shekara ɗaya da kusan wata tara ke nan bayan an harbe su Saja Adjetey, tsofaffin sojoji masu neman haƙƙinsu, a Akkara.

Na san wani zai ce ai a Ingila ma ma'aikatan kwal sun yi yajin aiki shekara guda cur, 1984 zuwa 1985, Firayim Minista Tacha ta karya su. Haka ne. Amma su a ƙungiyance aka kayar da su, namu 'yan kwantiragin kuwa ɗai-ɗai ake tsince su kamar tsakuwa a shinkafa, alhali dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ba ma'aikaci damar shiga ƙungiya.

Don Allah ku tura wakilinku yankin Obuasi da Tarkwa, inda ake haƙar zinari, ya zauna da 'yan kwantiragin nan, amma kar ya ɗauki hotonsu, kar a kore su.

Naka,
Wani mai karatu, Aboabo, Kumasi