Amsa ga Malamin da Ya Yi Mini Tambaya a Zangon Kumasi

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara girma.

A wajen laccar matasan Zango ka tambaye ni a bainar jama'a ko ina goyon bayan raba addini da mulki ne kawai saboda mu Musulmin Gana tsiraru ne, kusan kashi 20 cikin ɗari, da kuma ko zan tsaya kan wannan ra'ayi a ƙasar da Musulmi suka fi rinjaye; ka kuma koka kan dokar gado ta Gana. Zan tsaya, kuma tarihin Bangladesh ne babban dalilina.

Kundin tsarin mulkin ƙasar na 1972 ya sa raba addini da gwamnati cikin ginshiƙansa huɗu. A 1977 Janar Ziaur Rahman ya cire shi, ya sa Bismillah a farkon kundin, sannan a 1988 Janar Ershad, wanda ya hau mulki ta hanyar juyin mulki, ya ayyana Musulunci a matsayin addinin ƙasa. Dukansu sojoji ne, kuma a fahimtata karɓuwa wajen talakawa suke nema, shi ya sa suka raɓu da addini. A 2011 gwamnatin Sheikh Hasina ta dawo da ginshiƙin raba addini da gwamnati ba tare da ta soke tanadin Ershad ba, ga shi an bar abubuwa biyu masu karo da juna a kundi ɗaya, yayin da mabiya Hindu, wajen kashi 8 cikin ɗari, ke zaune cikin zullumi duk lokacin da rigimar addini ta taso.

Ka dubi Senegal, ƙasar Shehu Ibrahim Inyass, wadda kundinta ya ce gwamnati ba ta da addini, wadda kuma Senghor, ɗan Katolika, ya shugabanta daga 1960 zuwa 1980; wannan bai rage wa Kaulaha ko Tuba, manyan cibiyoyin ɗariƙun ƙasar, masu ziyara ba. Ni kuwa da nake kafa hujja da sashe na 21 na kundin Gana na 1992, mai ba da 'yancin addini, domin 'ya'yanmu mata su sa hijabi a makaranta, ba ni da bakin hana ɗan Hindu na Dhaka, babban birnin Bangladesh, irin wannan kariya.

Inda nake tare da kai, Malam, shi ne batun gado, domin dokar PNDC (gwamnatin soja ta Gana a lokacin) ta 111 ta 1985 tana raba dukiyar wanda ya rasu bai bar wasiyya ba a kan tsarin da ya saɓa wa ilimin fara'ili, kuma gyaranta aiki ne na majalisar dokoki a Accra wanda ya kamata malamanmu su matsa a kansa.

Wassalam, ɗalibinka.