Wasiƙa daga Gombe

Gombe, ranar Lahadi

Zuwa ga aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali da su Hajiya. Ya sanyin can?

Ka ce in faɗa maka abin da muke yi a daji da wannan 'yar na'ura. Ƙarfin janyowar ƙasa muke aunawa da ita, a ma'aunin da ake kira miligal. Dutsen laka da na yashi ba su kai dutsen gindi, wato tsohon dutse mai tauri da suke kwance a kansa, nauyi ba, saboda haka inda laka ta yi kauri awon yakan sauka, inda dutsen gindi ya matso sama kuma ya hau. Aikin na son haƙuri, don ɗaga na'urar mita 1 kacal kan rage awon da kusan miligal 0.3. Shi ya sa auna tsayin wuri ya fi cin mana lokaci.

Abin da muke bin sawu shi ne juyewar kwari, wato ƙasar da ta nutse ta komo ta taso. Kwarin Binuwai, wanda Kwarin Gongola reshensa ne, ya buɗe lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, yashin Bima ya fara cika shi. Daga baya matsi ya zo, wajen shekara miliyan 84 da suka wuce, ya sake zuwa wajen miliyan 66. Tsagogin da suka nutsar da ƙasa su ne suka komo suka turo ta sama, shimfiɗu suka lanƙwashe kamar tabarmar da aka tura daga gefe. Irin wannan lanƙwasa kan tare man fetur, kuma ka san tun da aka sanar da samun mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a 2019 kowa ya zama masani.

Sai dai ni, Malam, ba na sakin jiki da taswirar awo ita kaɗai. Tun 1965 wasu masu bincike, Cratchley da Jones, suka nuna awon ya hau a tsakiyar Kwarin Binuwai, gefe da gefe kuma ya sauka. Hawan nan na iya zama dutsen gindi da ya taso, ko narkakken dutse da ya kutso ya daskare, ko ɓawon ƙasa da ya yi siriri. Na'ura ba ta bambance su. Dole a taka a duba. A nan, shimfiɗar dutsen da ake kira Kerri-Kerri tana kwance miƙe bisa duwatsun Gombe da suka karkace, wato matsin ya riga ta zuwa. Wannan ce shaidar da nake fara nuna wa ɗalibai kafin su taɓa kwamfuta.

In ka zo da Sallah zan kai ka ka gani da idonka. A gaida mutanen gida.

Naka,
Usman