Wasiƙar makaranta: Tafiyarmu Blenheim ranar Asabar

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara. Ya aka ji da sanyin Ingila?

Har yau takardun izinin tafiyar Asabar ba su gama dawowa ba, kuma mai bas ba zai jira mu ba. Duk wanda bai kawo tasa da kuɗin mota ba kafin Laraba, ɗansa a gida zai wuni. Na faɗa a taron iyaye, ga shi na maimaita.

Na ji wasu na cewa yawon shan iska ne kawai. Darasi ne, ya iyaye. Fadar Blenheim tana Woodstock, kusa da Oxford. Sarauniya Anne ce ta ba John Churchill, sarkin yaƙinta, filin a matsayin tukuici bayan ya ci rundunar Faransa da ƙawayenta a 1704. An sa harsashi a 1705. John Vanbrugh ne ya zana ginin, manyan ginshiƙai da hasumiyoyi na dutse mai ruwan zuma. Sarah kuwa, uwargidan John Churchill, ta ga kuɗi na zurarewa kamar ruwa a kwando, suka yi ta sa-in-sa da Vanbrugh har ya ajiye aikin a 1716. Da ya dawo daga baya don ya ga abin da hannunsa ya tsara, a bakin ƙofa aka tare shi.

Tafkin da ke filin fadar ma aikin hannun mutum ne. Lancelot Brown, mai tsara lambuna, ya datse kogin Glyme a shekarun 1760, ruwa ya shanye ƙasan babbar gadar Vanbrugh. Ina so yara su tsaya kan gadar nan su gani da idonsu. Za kuma su ga ɗakin da aka haifi Winston Churchill a 1874.

Malamar aji biyar ta kwashe makonni tana shirya wa yara tambayoyin da za su amsa da Hausa a can. Allah ya saka mata, da ma kowa haka yake.

A sa musu takalmin tafiya da rigar ruwa, filin ya kai eka 2,000. Ban da waya. Wanda ya matsa bakin tafki ba malami, kun san halina.

Gwajin hadda yana nan yadda aka tsara. Huluna da safa da aka manta suna ofis. Masu zuwa ɗaukar yara a makare sun san kansu.

Wassalam,
Shugaban makaranta